Sawun da Ya Hau Kan Kofato

Hulda tana shanya acca a tsakar gida ta ji ana dukan guntun ƙarfen layin dogo da ke rataye a ƙofar coci. Ba dukan sujada ba ne, na tashin hankali ne. Ita ce Uwar Zumuntar Mata a ƙauyen, can bayan Manchok, don haka ta ɗaura zanen zumunta ta fita.

A gindin mangwaro ta tarar da 'yan banga sun ɗaure Nuru, Bafulatanin da rugarsa ta shekara talatin a bakin rafinsu. Shanu sun tattake gonar cittar Gershon kafin gari ya waye, shi kuma Nuru aka gan shi a bakin gonar da sanda. An buga waya gari, aka ce ruwan jiya ya cinye gada, sai yamma motar 'yan sanda za ta iya zuwa. Matasa ba su da niyyar jiran yamma. Wani har ya kawo galan na fetur, ana maganar ƙona ruga.

Hulda ta san abin da wuta ɗaya ke haifarwa a ƙasar nan. Ta binne miji saboda irinta. Ta yi wa mata alama, su goma sha biyu suka zauna a ƙasa suka kewaye Nuru.

Kumai, shugaban banga, ɗan ƙanen mijinta ne. Ya ce, "Mama, ki tashi. Wannan ba taron addu'a ba ne."

Ta ce, "Na sani, ɗana. Da na addu'a ne ai ba zan gan ka ba. Me mutumin ya ce?"

"Wai an sace masa shanu, sawu yake bi. Duk wanda aka kama haka yake faɗa."

"Kun duba gonar?"

Gershon ya ce, "Me za a duba, Mama? Citta ta zama taɓo."

Taron fushi ba ya duba komai, shi ya sa yake kashe marar laifi ya koma gida ya ci tuwo. Hulda ta bar mata a zaune, ta tasa Kumai da Gershon zuwa gonar. Ta tsuguna a kan kunyar gonar, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Kumai, sawun takalmin nan, a kan kofato yake ko a ƙarƙashi?"

"A kai yake."

"Duk gonar haka?"

Ya zaga ya dawo. "Haka ne. Mutum uku ma."

"To shekara talatin ina sayen nono a hannun matar Nuru, ina ganin fitar garkensa. Gaba yake shiga, ya kira su, su bi shi, su take sawunsa. Wanda shanu ba su san muryarsa ba shi ke kora daga baya da duka. Dubi ciyawar da Gershon ya rufe citta da ita, ko tsinke ba su ja ba. Gudu suke yi. Ku manoma ne, akuya kuka iya kora, kun zaci kowa haka yake yi."

Kumai ya sake duban sawun. Yana da zafin kai, amma ba ya gardama da abin da idonsa ya gani. Da suka koma gindin mangwaro, da hannunsa ya kwance igiyar, ya ce, "Baba Nuru, mun yi maka laifi. Ina suka nufa?"

Nuru ya murza wuyan hannunsa ya ce, "Babban kogi. Ya cika, ba su haye ba tukuna."

Suka tafi, 'yan banga ashirin da Bafulatani ɗaya a gaba. Hulda ta ɗauke galan ɗin ta kai wa mai injin niƙa.

Da la'asar aka ji kukan shanu daga gabas. Kumai ne ya ba ta labari daga baya: sun iske ɓarayin a gaɓa suna jiran ruwa ya janye. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Nuru ya hau dutse ya yi kira sau biyu, garke ya juyo gaba ɗaya ya bi ta kan ɓarayin. Biyu suka faɗa daji, na ukun aka ɗaure shi da igiyar safe, aka ajiye wa hukuma lafiya lau.

Mata suka fito da tulunan kiɗa da caki, suna waƙar godiya. Nuru ya tsaya gaban Gershon ya ce in an cire amfanin gona zai kwantar masa da garke a gonar duk rani, taki ya rama abin da kofato ya ɓata.

Gershon ya ce, "Na yarda, amma kai za ka shiga gaba."

Hulda ba ta tsaya rawa ba. Kaji sun samu accarta tun safe.