Ranar da Manaja Ya Karanta Bakin Barkono

A kamfanin sabulun ba mai kiran injiniyar da sunanta. Barkono ake ce mata, ta kuma san ba yabo ba ne. Ta daɗe tana kula da manyan tukwanen dafa sabulu, har ta kai ko daga bakin ƙofa ta ji ƙarar inji takan san wanda ke ciwo. Da shugaban sashen sarrafawa ya yi ritaya, mutum biyu aka sa wa ido a kan kujerarsa: ita da Dogo, wanda ita ce ta koya masa aikin da hannunta.

Manaja bai ɓoye mata ba. "Aiki kam kin iya," ya ce, "amma shugabanci na son sanyin rai. Ke kuwa kin cika zafi."

Wanda duk ya hau benen kamfanin nan zai lura da wani abu da ba a faɗa: fatar mutane tana ƙara haske hawa-hawa. A ƙasa, wurin tururi da zufa, baƙaƙe ne. A teburin taro na sama kuwa Barkono ce kaɗai baƙa, ita ce kuma kaɗai mace. Ta riga ta ƙudura a ranta, in aka ba Dogo kujerar nan, za ta ajiye hular kwanonta ta kama gabanta.

Ana cikin haka masu kamfanin suka gayyato wata farfesa daga jami'a, wai ta duba yadda ake tafiyar da shugabanci. 'Yar gajeruwar dattijuwa ce, baƙa wuluk, da furfura a goshi da takalmi marar tsini. Ta nemi kujera a lungun ɗakin taro, ta ɗora 'yar rikoda a kan tebur da izinin kowa, ta yi shiru. Haka ta yi ta yi mako bayan mako, har aka manta tana wurin.

Wata rana Barkono ta same ta a kantin ma'aikata tana hura shayi.

"Mama, ke ma littafi za ki rubuta da mu ki tafi, ko?"

Farfesa ta yi murmushi. "Zauna, 'yata. Littattafai kam na rubuta, ƙura ce ta fi karanta su."

Nan ta ba ta labari. Lokacin da ta fara wannan bincike tana ƙuruciya, malamanta cewa suka yi ba ilimi ba ne, ƙorafin mata ne. A taron sashensu na farko wani babban malami ya miƙo mata kofinsa ba tare da ya dube ta ba, ya ɗauka mai raba shayi ce. Ta zauna a bankuna, ta zauna a asibitoci da tashoshin jiragen ruwa, tana sauraron wa ke magana, wa ake katsewa, wa ake yi wa tafi. Ta tara alƙaluma iya tarawa, ta kai wa shugabanni, kowa ya gyaɗa kai ya ce lallai akwai wannan matsalar, amma a kamfanin maƙwabta.

"To, me ya hana ki haƙura?"

"Taurin kai. Sai dai na daina gardama da mutane. Na canja dabara."

Ranar da za ta ba da sakamako, ita ce kuma ranar da Manaja zai sanar da sabon shugaba. Kowa ya zo yana jiran dogon jawabi a allo. Sai Farfesa ta hau raba takardu.

"Wannan taronku ne na makon jiya, kalma da kalma," ta ce. "Za mu sake yin sa, amma kowa zai karanta bakin wani. Inda aka sa alama ka shiga, ka shiga, ko da wani na tsakiyar magana. Yallaɓai Manaja, kai ne Injiniya. Injiniya, ke ce Manaja. Akanta, kai ne Dogo."

Aka kwashe da dariya. Akanta, wanda bai kai kafaɗar Dogo ba, ya miƙe wuya. "Yau dai na yi tsawo."

Manaja mutum ne mai son wasa in ya san shi zai yi nasara. Ya gyara tabarau, ya ɗan siranta murya, ya fara: "Tukunya ta biyu tana zafi fiye da kima, kuma ina ganin bututun da ke—"

"Maganar kwalaye fa, an kawo su?" mai kula da sito ya faɗo daga takardarsa.

Manaja ya jira aka gama zancen kwalaye. Ya sake ɗauka, wannan karon da muryarsa ta gaske: "Kamar yadda nake cewa, bututun—"

Alamar Barkono ce. Ta karanta: "Za mu zo kan wannan, Barkono. Ki kwantar da hankalinki."

Dariyar da aka yi yanzu ba ta kai ta ɗazu ba. Manaja ya sake gwadawa, wani ya katse shi da zancen motar ma'aikata. Wuyansa ya fara cika kwalar rigarsa. Sai Akanta ya karanta bakin Dogo: "Ni a ganina bututun tukunya ta biyu ne ya toshe."

"Madalla, Dogo," Barkono ta karanta. "Irin tunanin da muke so ke nan."

Manaja ya buga tebur har kofuna suka yi tsalle. "Haba! Ni fa na fara faɗin wannan! Wai ba za ku bar mutum ya ƙarasa magana ba ne?"

Farfesa ta leƙo ta saman tabaranta.

"Yallaɓai, ka yi gaba da yawa. Wannan a shafi na gaba yake."

Ya juya shafin. Ga shi nan, kusan kalma da kalma, abin da Barkono ta faɗa makon jiya. A ƙarƙashinsa kuma amsarsa ce: "Kin gani ko? Zafin nan naki nake faɗa miki."

Barkono ba ta karanta wannan ba, ba kuma wanda ya ce ta karanta. Ta dubi dattijuwar da ke lungu. Ba gatsine a fuskarta, ba alamar na-kama-ka. Hannuwanta na kan cinya, tana jira kawai, kamar manomin da ya gama shuka. Barkono ta tuna yawan ɗakunan da matar nan ta zauna a cikinsu tana haɗiye magana kafin ta gano wannan hanya.

Dogo ne ya fara motsi. Yana kallon tebur ya ce, "Wallahi, Yaya, ban san na yi haka ba."

"Na sani," ta ce. "Shi ya sa ban shaƙe ka ba."

Manaja ya cire tabarau ya daɗe yana goge su.

"Farfesa, kin kunyata ni a gaban yarana."

"A'a, yallaɓai. A wasu wuraren shugaban tashi yake ya fice. Kai ga ka a zaune."

Ya yi ajiyar zuciya, ya juyo. "Injiniya, me ke damun tukunya ta biyu?"

Ta fara da sauri, kamar mai gudun kada a ƙwace mata. Da ta ga ba wanda ya buɗe baki, sai ta sassauta. Ta ce toshewar da Dogo ya ambata gaskiya ce, amma ba nan cutar take ba: bututun ya yi wa tukunyar ƙanƙanta tun asali, ko an wanke shi zai sake toshewa, kuma in aka bar shi wata rana zai fashe a kan mutane. Ta faɗi yadda za a canja shi ba tare da an tsayar da aiki gaba ɗaya ba. Ta kai ƙarshe, har ta rasa abin ƙarawa.

"Wa zai tsaya a kan aikin?" Akanta ya tambaya.

"Shugabar sashen mana," in ji Manaja. Ya dubi Barkono. "Riƙon ƙwarya za ki fara, sai masu kamfani sun sa hannu. Ni zan kai musu da kaina. Yaushe za ku fara?"

"Gobe da safe, in sito ya ba mu kaya."

"Zai ba ku," ya ce.