Faifan Sama da Faifan Ƙasa

Kwamfutar Kawu ta tsufa. Ka kunna ta, ka share shago kaf, ka dawo ba ta gama farkawa ba. Na ce masa sai an goge faifan da take tashi da shi, a zuba mata sabon tsari.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, mai ɗaukar hoto. Tun rasuwarta nake hannunsa. Faifai biyu ne a cikin kwamfutar, kamfani ɗaya, girma ɗaya. Ɗaya na tsari ne. Ɗayan yana ɗauke da aikin shekara ashirin: amare, jarirai, 'yan makaranta, hotunan fasfo. Hotunan mahaifiyata ma suna ciki, kuma babu su a ko'ina sai can.

Da rana na zauna aikin. Kawu ya jawo kujerar da masu hoto ke zama, ya zauna a bayana, numfashinsa a wuyana. Na soka filashina, na tayar da kwamfutar daga kansa, na buɗe baƙin allo. Na rubuta umarnin da ke jero faifai. Layi uku suka fito: Faifai 0, Faifai 1, Faifai 2.

“Uku?” in ji Kawu. “Biyu na saya.”

“Na ukun filashina ne.”

“Wato har baƙo ka shigar mini gida ban sani ba.”

Ban yi dariya ba. Shi ya yi wa kansa.

“Wanne ne na tsarin, Kawu?”

“Na ɗaya. Ni na ɗaura su da hannuna. Na sama shi ne na ɗaya, na ƙasa na biyu, mai hotuna.”

Na zaɓi Faifai 1. Na rubuta umarnin gogewa. Kalma ɗaya ce, ba ta tambayar ko ka tabbata. Yatsana yana kan maɓalli.

“Danna mana, Injiniya. Ko sai an ɗauke ka hoto a haka?”

Idona ya koma kan layin farko. Sifili. Kawu in zai jera mutane gaban kyamara daga ɗaya yake farawa, kamar kowa. Ita kwamfuta ba haka take ƙirga ba. Na janye hannuna na ɗora a cinya.

Na share umarnin harafi bayan harafi. Na nemi ta nuna mini bayanin Faifai 1. Ta kawo girmansa, da lambarsa, da sunan da aka raɗa masa da manyan baƙaƙe: MUTANENA.

Kawu ya matso, ya karanta, ya cire tabarau.

“Ni na sa masa wannan sunan,” ya ce a hankali. “Amma ai wannan na biyu ne.”

“A wurinka. Ita daga sifili take farawa. Na ɗayanka shi ne sifilinta.”

“Wane irin mahaluki ne zai fara ƙirga daga babu?”

Fanka tana ta juyi a samanmu. Can ya ce, “Da na sa ka goge uwarka da hannunka.”

“Ban goge ba, Kawu.”

Na kashe kwamfutar. Na ɗauko sukudireba, na buɗe murfi, na zare wayoyin faifan ƙasa, na kwance shi. Da ɗuminsa na miƙa masa. Ya zaro hankici daga aljihu ya naɗe shi.

Na sake kunnawa, na sake jerowa. Layi biyu: faifan sama da filashina.

“Sake dubawa,” ya ce.

Na duba bayanin. Babu suna, sai tsohon tsari.

“Ƙara.”

Sau uku na duba masa kafin na danna. Ƙiftawar ido aka gama.

Sabon tsari yana shiga, wata mata ta ɗaga labule da ɗiyarta, hoton fasfo suke so. Na nuna wa Kawu tebur don ya ajiye faifan. Ya kalli teburin, ya kalli kofin shayin da ke kai, ya ƙara matse hankicin a ƙirjinsa.

“Ku zauna, 'yar'uwa,” ya ce mata. “Ɗana zai ɗauke ta. Ni hannuna a cike yake.”

Bai taɓa bari na taɓa kyamararsa ba. Na tashi na ɗauko ta.