Sunan da Goggo Tabawa ba ta faɗa

Labo ya baro matarsa Zalika da yara biyu a ɗakin haya a Abijan, ya ce musu kada su leƙa titi sai ya dawo. A shekarar nan aka kafa wa baƙi dokar takardar zama, kuma ana tare mutane a bakin kasuwa ana tambayarta. Ba a ba mutum ita sai ya nuna katin ƙasarsa, takardar Labo kuma ita za ta rufa wa iyalinsa asiri. Ba'indiyen da yake yi wa gadin kanti ya ba shi hutu, ya ce shi ma baƙo ne, ya san wahalar a ce sunan da ke takardar harajinka ya saɓa da na fasfonka. Amma ya gaya masa gaskiya, ba zai iya riƙe masa aikin har abada ba.

Matsalar Labo ita ce suna biyu. A Abijan duk takardun aikinsa Labo Tajaye suke ɗauke da shi, sunan da kowa ke kiransa da shi tun yana rarrafe. A gida kuwa, ƙanen mahaifinsa, Sha'ibu, yana biya masa lanho, harajin kai na kowace shekara, da sunan yanka, Alkasum Hayatu. Da ya je buro, ofishin hukuma, a Illela neman kati, aka ce sai alƙali ya tabbatar Labo da Alkasum mutum guda ne, da shaidu biyu. Alƙalin kuwa mai zagaye ne. Ranar kasuwa zai zauna a Illela, in ya tashi sai bayan kaka.

Suka zo shi da Sha'ibu da wani tsohon maƙwabci. Alƙali na zaune a ƙarƙashin rumfa gaban buro, magatakarda a gefensa, jandarma guda a tsaye. Tun da safe ransa ya ɓaci, don ya kama wani dattijo ya yi wa mutum huɗu shaida, alhali bai san ƙauyen ko ɗayansu ba. Da aka kira Labo, alƙali ya juya takardun biyu, ya dubi maƙwabcin, ya tambaye shi ko yana wurin ranar suna. Tsohon ya ce a'a, shekarar yana Kumasi.

"To kai ba shaida ba ne," in ji alƙali. Ya juya ga Labo. "Mahaifinka?"

"Ya rasu, ranka ya daɗe."

"Mahaifiya?"

Labo ya dubi Sha'ibu. Sha'ibu ya dubi ƙasa.

"Tana nan," in ji Labo.

"A kawo ta kafin in tashi. In ba haka ba, mutum mai suna biyu da ba mai tsaya masa, aikin wannan ne." Ya nuna jandarma da bakin biro.

Mahaifiyar tasa, Tabawa, tana cikin kasuwar, ta kawo daddawa. Wannan ne kawai sauƙin abin. Labo ɗanta ne na fari, kuma sunan kakansa aka sa masa, uban mijinta. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ita ta raine shi, shi ya sa Goggo yake ce wa Tabawa kamar sauran yaran gida. Ita kuwa in ta kama dole, sai ta ce "wancan", ko "ɗan gidan tsohuwa". Mutanen Tajaye suna buga misali da ita a kan haka, har a ce wa sabuwar mai jego ta yi koyi da Tabawa.

Sha'ibu ne ya durƙusa gaban tasarta, don ƙanen miji yana da bakin wasa.

"Amarya, tashi gwamnati na kiranki. Sun ji labarin daddawarki."

"Kai dai ba ka girma. Mi ya hwaru?"

"Magana ɗaya za ki yi, ki dawo."

"Wace magana?"

Ya gaya mata. Ta ci gaba da jera ƙullin daddawa, ta gyara wanda ba ya bukatar gyara.

"Kai ba ka da baki? Kai ka riƙe ragon ranar."

"Bakina ɗaya, biyu suke so."

"A kira liman."

"Limamin da ya raɗa sunan yana kushewa, kin sani."

Labo yana tsaye nesa kaɗan, bayan mai sai da igiya. Bai matso ba. Daga gabas hadari ya fara haɗuwa, masu kaya suna ta ɗaga kai suna dubawa. Kowa ya san in aka yi ruwa, ƙoramar da ke kan hanya takan cika, kuma direban alƙali ba zai jira ta cika ba.

Tabawa ta bar wa maƙwabciyarta tasar, ta ja mayafi, ta bi Sha'ibu.

Kafin su isa rumfar, labari ya riga su. Matan Tajaye da suka zo cin kasuwa sun taru a bayan masu jiran shari'a. Alƙali ya sa aka ba ta tabarma, ya gaishe ta da ladabi.

"Inna, kin san wannan mutumin?"

Ba ta dubi inda ya nuna ba. "Ɗan Hayatu ne."

"Ke kika haife shi?"

Ta gyara bakin mayafinta. Wata mata a baya ta yi salati a hankali.

"A ɗakina anka same shi," in ji Tabawa.

Aka yi 'yar dariya, jandarma ya juya, dariyar ta mutu. Alƙali ya ce wa magatakarda ya rubuta uwa ce.

"Madalla. Saura suna. Wane suna aka raɗa masa?"

"Sunan mai babban gida gare shi."

"Wane ne mai babban gida?"

"Uban wanga." Ta nuna Sha'ibu da haɓa.

Sha'ibu ya yi caraf. "Ranka ya daɗe, ubana Alkasum, ai ka ji ta faɗa."

"Kai ka faɗa. Na riga na rubuta taka." Alƙali ya aje biro, ya sassauta murya. "Inna, na san abin da nake tambaya. Ni ma ɗan fari ne. Amma da safen nan na kori mutane saboda shaidar da wani ya sa musu a baki. In na karɓi taki daga bakin wani, me zan ce musu? Ga su nan tsaye suna kallona."

Gaskiya ne, suna nan, kuma sun matso.

Direba ya zo ya raɗa wa alƙali magana a kunne. Iska ta taso, ta ɗaga takardun tebur, magatakarda ya danne su da gwiwar hannu. Ya fara mayar da wasu cikin jaka.

Labo ya ga Tabawa ta takure a kan tabarma, idon jama'a duk a kanta. Bai taɓa ganin haka ba. Ya tuna ranar da zai fara tafiya Abijan, duk gida aka rako shi bakin hanya ban da ita, sai a mota ya tarar da ƙullin ƙuli-ƙuli da gurun tsari a jakarsa, ba wanda ya ce ga mai sawa. Ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a bar ta. Na haƙura."

"Ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani. A bar ta ta tafi."

"Kai, mahaukaci!" Sha'ibu ya daka masa tsawa. "Ka haƙura da mi? Da ɗiyanka?"

Jandarma ya tako ya tsaya a bayan Labo. Tabawa ta ji takun takalmin. Ba ta juya ba, Sha'ibu ta yi wa magana.

"In ba a yi takardar ba, mi za a yi ma waɗanda ke can?"

"Ba wanda ya sani. In anka kama uwar, a iya loda ta a mota, yaran kuwa sai wanda ya tsince su."

"Shi hwa?"

"Kin ga mai bindiga."

Ta daɗe tana kallon saƙar tabarmar. Daga nan ta miƙe a hankali, kamar mai ciwon gwiwa, ta juya wa Labo baya, ta fuskanci matan garinsu.

"Ku kuma mi kuke jira? Ba ku da kayan kwashewa? Ruwa na tahe."

Babbarsu ta fahimta. Ta kama hannun ta kusa da ita, suka juya, sauran suka bi, har suka yi nisa. Labo ma ya sa tafin hannu ya toshe kunnuwansa, ya sunkuyar da kai.

Tabawa ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Wani sauti ya fito daga ƙarƙashinsa, iska ta tafi da shi.

Magatakarda ya ɗago kai. "Ban ji ba."

Sha'ibu ya buɗe baki, alƙali ya ɗaga masa hannu. Ya taso da kansa daga kujera, ya zagayo tebur, ya rusuna kusa da ita har kunnensa ya kusa taɓa mayafin.

"Ni kaɗai, Inna."

Ta sake faɗa. Wannan karon muryar ta fi yadda ta nufa, har jandarma ya ji.

"Alkasum. Ni na haihe shi."

Alƙali ya koma ya sa hannu a tsaye, ya buga hatimi. Magatakarda ya kama babban yatsanta ya dangwala a tawada, ya danna a ƙasan takardar. Jandarma ya taɓa kafaɗar Labo, Labo ya zabura, sai ya ga takarda ake miƙo masa. Ya sa ta cikin riga, a jikin fata, don ɗigon farko ya fara sauka.

Tabawa ta riga ta yi gaba, tana goge yatsanta a bakin zane. Labo ya bi ta da sauri, da ya kusa cim mata kuma sai ya rage tafiya, ya bar Sha'ibu ya shiga tsakaninsu.

"Amarya, yau kin ci kasuwa," in ji Sha'ibu, amma muryarsa ba ta wasa ba ce.

"Rufe mini baki." Ta yi taku kaɗan, ta tsaya. "Ka ce ma wancan ya karɓi katin nashi ya kama hanya. Kada ya tsaya zagayen sallama gida-gida."

"Ga shi nan bayanki, ki faɗa mishi."

Ta gyara mayafinta, ta shiga cikin masu gudun ruwa, ta nufi inda ta bar tasarta.