Sunan Mama a Jerin Masu Shan Magani

Auta ta sake danna maɓallin, kwamfutar ta sake watso mata jan rubutun nan: wannan jeri na karantawa ne kawai, ba a cire masa komai. Ta daki tebur har kofin shayin na kusa da ita ya fantsama.

Aikinta ke nan a kamfanin, rubuta manhajar da ke tura wa marasa lafiya saƙo safe da yamma cewa lokacin shan magani ya yi. Manhajar tana bin dogon jerin sunaye ne ɗaya bayan ɗaya. A cikin jerin akwai sunan mahaifiyarta, wadda ta rasu watan jiya a gida. Asibiti bai sanya alamar rasuwa ba, don haka saƙo bai fasa zuwa ba.

Da sassafe yayanta ya kira ta, ko gaisuwa babu. Wai ya leƙa gida ya tarar da Baba riƙe da wayar Mama yana share ido. Ya wanke ta tas, ya ce ina amfanin karatun nata idan na'urarsu za ta riƙa tsokanar tsoho da sunan mamaciya. Ya kashe waya kafin ta buɗe baki. Tun daga nan take tafasa, kuma abin da ya fi ci mata rai, gani take gaskiya ya faɗa.

Ta miƙe fuu sai teburin shugaban sashensu, wanda a bayan idonsa suke kira Sanyi Ƙalau, don ko gobara ta tashi sai ya gama goge gilashinsa.

"Oga, wa ya kulle jerin nan?"

Ya ce shi ne, da hannunsa. Ya tuna mata lokacin da wani gwani ya riƙa cire sunaye alhali manhajar tana tsakiyar bin jerin. Duk sunan da ya cire, sai na bayansa ya matso gurbinsa a tsallake shi, mutane suka wuni ba saƙo, asibitoci suka yi musu ca. Tun ranar ya rantse ba mai ƙara taɓa na asali.

"Uwata ce fa," in ji Auta. "Ta mutu, ku ƙyale ta ta huta!"

Masu leƙe suka mai da kai ga aikinsu. Oga ya cire gilashi ya yi mata ta'aziyya a karo na biyu, amma ko gezau. Ya ce ta bar jerin yadda yake, ta gina sabo daga cikinsa, ta tace, kowa ya wuce ban da lambar Mama. Shi zai sa hannu a yau, kafin asibiti ya gyara nasa.

Ta koma tana ƙunƙuni. Ita so take ta ga sunan ya ɓace ɓat, ba a ɓoye shi a bayan labule ba. A ranta ta kira Oga marar imani, ta haɗa da asibitin, da yayanta mai bakin tsiya, da wanda ma ya ƙirƙiro jerin da ba a taɓawa. Sharaɗin tacewar layi ɗaya ne tak, ta rubuta shi kamar za ta fasa maɓallan. Ta gwada, sabon jeri ya fito ba Mama. Saƙon yamma ya tafi wa kowa ban da ita. Ta tura wa yayanta kalma ɗaya, "An gyara," ta rataya jaka ta fita.

A tsakar gida ta sami Baba kan kujerarsa ta roba, wayar Mama a kan gwiwarsa, kwalbar maganin hawan jininsa a gefe ba a buɗe ba. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa idonsa na kan wayar.

"Auta, duba mini abin nan ko ya lalace. Yau da yamma ba su kira ta ba."

Ya ci gaba a hankali, wai shi dama bai taɓa yin rajista ba, ba ya son na'ura ta riƙa yi masa gori. Saƙon Mama suke jira su biyu, in ya shigo ta ɓallo nata ta miƙo masa nasa. Yanzu ma shi yake jira. Kuma ban da mutanen nan, wa ya rage da ke ambaton sunanta sau biyu a rana? 'Ya'yanta ma sun koma cewa marigayiya.

Fushin da ta yi guzuri tun safe ya rasa inda zai sauka. Ta so ta kira yayanta ta zazzage masa shi, sai ta tuna ita ma ba ta tambayi Baba ba.

Ta zauna a dokin ƙofa ta buɗe kwamfuta a cinya. Jerin asali yana nan yadda Sanyi Ƙalau ya kulle shi, sunan Mama a gurbinsa, ko wasali bai canza ba. Ta goge layin da ta rubuta da rana, ta sake tura saƙon yamma ga lamba ɗaya. Gobe ta san yadda za ta yi da Oga.

Wayar ta yi ƙara a gwiwar Baba. Ya ɗaga ta nesa da ido, ya karanta yana motsa leɓe, sannan ya murɗe murfin kwalbar.

"Yau sun makara," ya ce. "Miƙo mini ruwa."