Baƙi a Gidan Mai Tukwane

Inna tana cikin murza yumɓu sai surukinta ya yi sallama ya tsuguna daga nesa. Mijin autarta ne, kuma shi ke yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora daga sabon otal ɗin da aka gina a bayan unguwa. Kullum da hantsi yakan kawo su su kalli yadda take ginin tukwane.

"Inna, manaja ne ya aiko ni," ya ce, kansa a ƙasa. "Wai idan baƙi sun zo ki cire tabarau, a kuma ɓoye rediyo da bokitin roba. Sun fi son hoto irin na da."

"In na ƙi fa?"

"Sai ya cire gidan nan daga wuraren da ake kai su."

Kafin zuwan baƙin nan sana'ar Inna ta kusa mutuwa, don kowa ya koma roba. Yanzu ga shi ta gyara rufin ɗaki, an shimfiɗa kwalta har ƙofar gida, jikokinta biyu sun koma makaranta. Ta zare tabarau ta tura ƙarƙashin tabarma.

Baƙi goma sha biyu suka cika tsakar gida, kowa ya ɗaga waya. Inna ta fara gini da lalube. Hannunta ya san hanya, amma da ta zo bakin tukunya sai ta ji ya karkace. Shekara arba'in rabonta da gina karkatacciyar tukunya irin wannan. Su kuwa sai tafi suke yi.

Tafin ne ya ba ta haushi. Ta jawo tabarau ta maƙala, ta dubi tukunyar da kyau, sannan ta danne ta da tafin hannu ta mayar da ita curi. Surukin ya share zufa.

"Gaya musu wannan ba tukunya ba ce," ta ce. "Yanzu za su ga tukunya."

Wata tsohuwa mai furfura a cikin baƙin ta aje wayarta, ta zauna a ƙasa kusa da Inna, ta miƙo hannu. Inna ta gutsura mata yumɓu. Abin da ta gina ya fito kamar hular da aka zauna a kai, su biyun suka yi ta dariya har da hawaye. Sai baƙuwar ta shafa yumɓun ta yi wata magana.

"Tana tambaya me ya sa yake da tauri, ba kya ƙara ruwa," in ji surukin.

"Ka ce mata tattali nake yi. Tun da aka fara cika wurin ninƙayar otal ɗinsu, sau biyu a mako famfonmu ke kawo ruwa."

"Inna, aikina fa."

"Na sani. In ba za ka iya ba, ka ce mata haka yumɓun yake. Ba zan ga laifinka ba."

Ya dubi baƙin, ya dubi jarkokin da ke jere a gindin bango babu komai a ciki. Sai ya miƙe tsaye ya fassara, kuma Inna ta lura maganarsa ta fi tata tsawo. Baƙin suka sayi tukwane, suka fita a natse.

Duk yinin ranar Inna ba ta iya cin abinci ba, tana tunanin abin da za ta gaya wa autarta. Da la'asar surukin ya dawo, har yanzu da rigar aiki a jikinsa.

"Manajan ya kore ka?"

"Bai kore ni ba tukuna. Baƙin ne suka tsare shi a wurin cin abinci, tsohuwar nan ce kan gaba. Ya ce yana son ganinki gobe, a zauna kan maganar ruwan. Zai turo mota."

Inna ta rufe sauran yumɓun da jiƙaƙƙen buhu, ta wanke hannu a ɗan ruwan da ya rage.

"Ya bar motarsa," ta ce. "Ka kawo shi nan da sassafe, lokacin da matan unguwa ke layi a famfo. Zan aje masa kujera."