Cikin Ɓawon Ƙwai

Shekaru da yawa Baba ya yi yana haɗa kaji, yana neman wadda za ta yi masa koren ƙwai. Kaza mai shuɗin ƙwai yake kai wa zakaran da ya fito daga ƙwai mai ruwan ƙasa, ya zauna jiran 'ya'yansu su girma. Maƙwabta sun sha yi masa tsiya, wai ko fenti yake zuba musu a ruwan sha.

Bara cuta ta shiga akurkin, ta kwashe masu shuɗin ƙwai kaf. Abin da ya rage na jininsu 'yar budurwar kaza ce guda, baƙa. A shekarar kuma yanar ido ta rufe wa Baba gani, har ya zama Auta, 'yarsa, ita ke gaya masa launin kowane ƙwai.

Ranar da baƙar kazar ta yi ƙwanta na farko, Auta ta ɗauko shi da ɗuminsa. Ruwan ƙasa ne, irin wanda ake samu a kowane shago. Ta daɗe tsaye a bakin akurki. Tana shiga ɗaki ta sa masa a tafin hannu, ta ce kore ne.

Baba ya shafa shi da yatsa, ya yi murmushi. Ya ce ta kawo kwano ta fasa, ta duba masa cikin ɓawon. Ya bayyana mata a hankali cewa ruwan ƙasa shafe ne kawai a waje, shuɗi kuwa yana ratsa ɓawo har ciki, kuma yana so ya ji ƙarfin shuɗin kafin ya zaɓa wa kazar zakara.

Ta fasa. Ta ɓare 'yar fatar ciki da farce, ta kai ɓawon bakin taga, tana ta jujjuya shi a haske.

"Auta, mene ne?"

"Fari ne, Baba. Wajen ma ba kore ba ne."

Ya sauke kai. Can ya lalubo hannunta, ya ce da ya yarda, da sun ɓata shekara suna kiwon abin da babu.

"Ba ni da wani ido sai naki, 'yata. Abin da kika gani shi za ki faɗa mini, ko ba daɗi."

Ta amsa da to. Ya ce ta soya ƙwan su raba, gobe kuma ta raka shi wurin mutumin da ya taɓa sayar wa 'yan tsakin masu shuɗin ƙwai, ko Allah zai sa akwai saura.