Takalmin Mai Kunne

A shekararmu ta biyu a sashen fassara aka haɗa mu da malamin da muke kira Almakashi. Nahawun Turanci da salon rubutu yake koyarwa, amma in ka tambaye ni, aski yake yi. Ka kai masa shafi biyu, ya dawo maka da layi huɗu, sauran duk jan biro ya cinye. Maganarsa ɗaya ce kullum: "Duk kalmar da ba ta aikin komai, a sallame ta."

Ni kuwa na karɓi darasin hannu bibbiyu. Kafin tsakiyar zango na zama ta ɗaya a aji, kaina ya kumbura, ko saƙo ƙawata ta turo mini sai in ji hannuna na ƙaiƙayin rage shi.

Ana cikin haka, wata Asabar da hantsi, Kaka ta kira ni ɗakinta. Tana da wani jika, ɗan Kawuna, da take kira Mai Kunne, wanda ta goya har ya shekara huɗu, kafin aiki ya ɗauke iyayensa zuwa wata ƙasa mai nisa. Shekara goma sha biyar ke nan. Hausar da ya tafi da ita ta zube a hanya, Kaka kuma ba ta jin Turanci ko na sayen ruwa. In Kawu ya haɗa su a waya, sai dai su yi ta yi wa juna murmushi har ɗaya ya gaji. Yanzu an ce yaron ya sami dogon hutu, bai san inda zai yi shi ba.

"Ke 'yar boko, zauna," in ji Kaka. "Rubuta wa Mai Kunne. So nake ya zo in gan shi kafin idon nan ya ƙarasa."

Na kunna waya ina naɗar muryarta. Minti goma sha ɗaya Kaka tana zuba. Ta tambayi kunnuwansa, ko har yanzu suna nan kamar murfin tukunya. Ta ba da labarin ciwon gwiwarta. Ta ce ranar da za su tafi ya yar da takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gadonta, yana nan ta ajiye. Ta koma kan gwiwa, ta dawo kan takalmi, ta yi wa Kawu faɗa, ta sake dawowa kan takalmi.

Na zauna na yi aikin da na iya. Jimla uku, tas da su: kakarka na gaishe ka, tana lafiya, za ta so ka ziyarce ta a wannan hutu. Har na ji haushin babu mai ba ni maki.

Da la'asar amsa ta zo. Hoton babban yatsa ne, a ɗage.

"Me ya ce?"

Na kai mata wayar kusa da ido. Ta daɗe tana kallo.

"Yatsa? Shekara huɗu ina goyonsa, ya aiko mini da yatsa?" Ta juyo. "Karanta mini abin da kika rubuta."

Na mayar mata da shi Hausa. Ban kai ga sauke numfashi ba na gama.

"Shi ke nan? Ina kunnen? Ina takalmin?"

"Kaka, maimaici ne. Turanci ba ya son dogon zance."

"To ai shi ba Turanci ba ne, jikana ne." Ta juya fuska bango, ta ce in ja mata ƙofa. Rabona da jin kunya irin ta ranar har na manta.

Duk da haka ban saduda ba. Ran Litinin na bi Almakashi ofis da nawa rubutun da maganar Kaka da na kwafe a takarda, ina neman mai goya mini baya. Ya karanta nawa, ya ce, "Wannan daga wane asibiti?" Ya karanta na Kaka, ya yi dariya a wajen murfin tukunya, da ya zo inda ta ambaci takalmin karo na uku kuma ya ajiye jan bironsa.

"Cewa na yi a sallami wadda ba ta aiki," in ji shi. "Ke kuma kin kori ma'aikatan, kin bar masu gadi."

Kwana biyu na yi a kan minti goma sha ɗayan nan, kuma ban taɓa shan wuyar Turanci irin ta wannan karon ba. Rage magana ashe sauƙi ne. Ka sa tsohuwa ta yi mita da Turanci, ta kasance ita ɗin ce dai, nan ake gumi. Na bar gwiwar, na bar faɗan Kawu, na bar takalmin sau uku, na tura.

Washegari muna shanya da Inna waya ta yi ƙara. Ga Mai Kunne a fuskar wayar, ƙato da gemu, kunnuwan suna nan yadda aka bar su. Na ruga ɗakin Kaka.

Ya yi magana da sauri, ni kuma ina juya wa Kaka. "Ya ce shuɗi ne? Mai igiya? Ya ce ya tuna ya yi ta kuka a mota, ƙafa ɗaya ba takalmi, aka ƙi juyowa."

Kaka ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta zaro shi. Ɗan mitsitsi, bai kai tafin hannuna ba, shuɗin ya koɗe. Shekara nawa ina gyara mata gado, ban taɓa ganinsa ba.

"Ya ce kada ki yar, Kaka. Wai in da hali a aika masa."

Ta goge ido da gefen zani, ta mayar da takalmin inda ta ɗauko.

"Ba na aikawa," in ji ta. "Ce masa ya kawo ƙafar."

Na gaya masa, ban rage ko kalma ɗaya ba.